YADDA AKE AUNA RIBA DA HASARAR KOWANE SASHE NA KAMFANIN LAMUNIN GIDAJE

Gabatarwa

A ranar 7 ga watan Satumba na shekarar 2008, Gwamnatin Amurka ta ba da sanarwa cewa ta karɓi ragamar manyan kamfanonin lamunin gidaje guda biyu na ƙasar, Fannie Mae da Freddie Mac. A lokacin nan, bashin gidajen da kamfanonin biyu suka saya ko suka tsaya masa ya kai wajen dala tiriliyan 5, kusan rabin dukan bashin gidajen da ake bin mutanen Amurka. Jama'a da yawa sun ji labarin hasarar da aka yi a dunƙule, amma kaɗan ne suka tsaya suka bincika daga wane ɓangare na kasuwancin ɓarnar ta ɓullo.

Manufar wannan darasi ita ce a koya wa mai karatu yadda zai duba rahoton shekara na irin wannan kamfani, ya rarrabe sashen da ke kawo riba da wanda ke cinye ta. Mun zaɓi Fannie Mae don ya zama abin misali, domin lissafinsa a bayyane yake, kuma abin da ya same shi ya riga ya shiga tarihi. A ƙarshe za mu nuna inda ilimin ya shafi ma'aikaci da mai hannun jari a Nijeriya.

1. Aikin kamfanin lamunin gidaje

Gida shi ne abu mafi tsada da yawancin mutane kan mallaka a rayuwarsu, kuma ba kowa ke iya biyan kuɗinsa lokaci guda ba. Saboda haka mutum yakan je banki ya karɓi rance, ya jinginar da gidan, ya riƙa biya wata-wata har shekara 15, ko 20, ko 30. In ya kasa biya, banki na da iko bisa doka ya karɓe gidan ya sayar, ya fanshe kuɗinsa.

To, akwai wata matsala a nan. Kuɗin da banki ke bayarwa rance, yawancinsa ajiyar jama'a ce, kuma mai ajiya yana iya zuwa gobe da safe ya ce a ba shi abinsa. Bankin da ya ɗaure kuɗin mutane na shekara 30 ya sa kansa cikin hatsari. Don haka ne gwamnatoci suka kafa wasu kamfanoni na mataki na biyu, waɗanda ba su hulɗa da mai neman gida kai tsaye. Aikinsu shi ne su sayi bashin daga hannun banki, su ba shi tsabar kuɗi, shi kuma ya sami abin da zai ranta wa wani. Fannie Mae irin wannan kamfani ne. Ba ya ba kowa rance da hannunsa, amma miliyoyin gidaje a Amurka ta dalilinsa aka saye su.

2. Dalilin raba lissafi sashe-sashe

Bari mu kawo misali daga kasuwa. A ce wani attajiri yana da sana'a uku: yana sayar da hatsi, yana da injin niƙa, yana kuma da babbar motar haya. A ƙarshen shekara ya tara kuɗinsa wuri guda, ya ga ya ci ribar Naira 500,000, ya yi murna. Amma da zai zauna da akawunsa su ware littafin kowace sana'a dabam, mai yiwuwa ya tarar hatsi ya kawo Naira 900,000, injin niƙa ya kawo Naira 300,000, motar kuwa ta cinye Naira 700,000 wajen gyara da taya da mai. Muddin lissafin yana dunƙule, ba zai san cewa hatsinsa ne ke ciyar da motarsa ba. Ranar da kasuwar hatsi ta faɗi, ranar ce asirin motar zai tonu, a lokacin kuwa gyara ya yi wuya.

Haka abin yake ga manyan kamfanoni. Saboda wannan ne masu tsara ƙa'idojin lissafin kuɗi suka wajabta wa kamfanonin da ke sayar wa jama'a hannun jari ko takardun bashi su bayyana sakamakon kowane sashe nasu. A Amurka ƙa'idar da ake bi ta samo asali ne daga wadda aka fitar a 1997. Ta ƙasa da ƙasa kuwa, wadda ake kira IFRS 8, an fitar da ita a 2006, ta fara aiki ranar 1 ga Janairu 2009. Ginshiƙinsu ɗaya ne: kamfani ya nuna wa jama'a sassansa kamar yadda shugabanninsa ke kallonsu a cikin gida sa'ad da suke raba kuɗi da auna aiki. Duk sashen da ya kai kashi 10 cikin 100 na kuɗin shiga, ko na riba ko hasara, ko na kadarorin kamfani, dole a ware shi a ba da bayaninsa. Har ila yau, sassan da aka bayyana su ƙunshi aƙalla kashi 75 cikin 100 na kuɗin da kamfani ya samu daga waje, don kada a ɓoye babban abu a ƙarƙashin layin da aka rubuta "sauran".

Wannan bayani yawanci ba ya fitowa a shafukan farko na rahoton shekara, inda hotunan shugabanni da jawabansu suke. Sai mai karatu ya wuce zuwa bayanan da ke biye da lissafin, can wajen ƙarshen littafi, sa'an nan zai same shi.

3. Asalin Fannie Mae da sassansa uku

An kafa Fannie Mae a 1938, zamanin Shugaba Franklin Roosevelt, bayan babban karayar tattalin arzikin da ta fara a 1929 ta raba mutane masu yawa da gidajensu. Da farko hukuma ce ta gwamnati. A 1968 aka mayar da shi kamfani na masu hannun jari, amma aka bar masa takardar izini ta musamman daga majalisar dokokin ƙasar. A 1970 aka kafa Freddie Mac don ya yi gogayya da shi. Masu kuɗi na duniya sun ɗauka cewa ko da yake doka ba ta faɗa ba, gwamnati ba za ta bar waɗannan kamfanoni su rushe ba. Wannan zato ya sa suna samun rance da arha fiye da kowane kamfani mai zaman kansa.

Kafin rikicin 2008, Fannie Mae yana ba da rahoton aikinsa a kan sassa uku.

Na ɗaya shi ne sashen gidajen iyali, watau gidajen da ke da muhalli ɗaya zuwa huɗu. Bankuna sukan kawo basussukan da suka bayar, kamfani ya tara su jumla-jumla, ya fitar da takardun da masu kuɗi za su saya. Duk wata, abin da masu gidaje suka biya sai a miƙa wa masu riƙe da takardun. Kamfani ya fara fitar da irin waɗannan takardu a 1981. Alkawarin da ya ɗauka shi ne, ko mai gida ya biya ko bai biya ba, mai takarda zai karɓi kuɗinsa a kan lokaci. A madadin wannan tsayawa ana biyan kamfani ɗan lada, wanda a wancan zamani bai kai rabin kashi 1 cikin 100 na bashin a shekara ba. Ladan nan shi ne kuɗin shigar sashen. Hatsarinsa kuwa shi ne mutane su kasa biya, kuma gidan da aka karɓe ya kasa fanshe bashin.

Na biyu shi ne sashen manyan gidajen haya, masu muhalli biyar ko fiye, tare da jarin da kamfani ya zuba a ayyukan gina wa masu ƙaramin ƙarfi gidaje. Tun 1988 akwai wani tsari a wannan sashe wanda ya kamata a lura da shi: bankin da ya tantance mai neman rance, in bashin ya lalace, yakan ɗauki wani kaso na hasarar, galibi wajen kashi ɗaya cikin uku. Wanda ya san aljihunsa zai taɓu yakan buɗe ido kafin ya sa hannu.

Na uku shi ne sashen kasuwar kuɗi. A nan kamfani ne da kansa ke cin bashi a kasuwa da ruwa mai sauƙi, ya sayi basussukan gidaje da takardunsu masu ruwa mafi yawa, ya ajiye. Ribarsa ita ce ratar da ke tsakanin ruwan da yake biya da wanda yake karɓa. A 2008 abin da sashen nan ke riƙe da shi ya haura dala biliyan 700, biliyan ɗaya kuwa miliyan dubu ke nan. Hatsarinsa shi ne sauyawar ruwan bashi a kasuwa, da faɗuwar darajar takardun da ya saya.

Mai karatu zai ga cewa sassan nan uku suna ƙarƙashin rufi ɗaya, amma hanyar samun kuɗinsu dabam-dabam ce, abin da ke iya kashe kowannensu ma dabam ne.

4. Abin da lissafin 2008 da 2009 ya nuna

Farashin gidaje a Amurka ya kai ƙololuwa a 2006, daga nan ya fara sauka, bai tsaya ba sai wajen 2012, bayan ya zube da fiye da kashi ɗaya cikin huɗu. Ga sakamakon sassan Fannie Mae a shekaru biyu mafi tsanani.

Shekarar 2008:
Sashen gidajen iyali, hasarar dala biliyan 27.1.
Sashen manyan gidajen haya, hasarar dala biliyan 2.2.
Sashen kasuwar kuɗi, hasarar dala biliyan 29.4.
Jumla, hasarar dala biliyan 58.7.

Shekarar 2009:
Sashen gidajen iyali, hasarar dala biliyan 63.8.
Sashen manyan gidajen haya, hasarar dala biliyan 9.0.
Sashen kasuwar kuɗi, ribar dala miliyan 857.
Jumla, hasarar dala biliyan 72.0.

Wanda ya dubi jumla kaɗai zai ce cuta ɗaya ce ta ƙaru daga shekara zuwa shekara. Wanda ya dubi sassa zai ga cewa cututtuka uku ne, kowace da sanadinta.

Mu fara da sashen kasuwar kuɗi, wanda ya fi kowane hasara a 2008, amma ya koma cin riba a 2009. Don ya kare kansa daga tashin ruwan bashi, kamfani ya ƙulla yarjejeniyoyi masu yawa da manyan bankuna, waɗanda darajarsu ke hawa in ruwa ya hau, ta sauka in ya sauka. A ƙarshen 2008 ruwa ya faɗi ƙwarai cikin ɗan lokaci, sai ƙa'idar lissafi ta tilasta a rubuta faɗuwar darajar yarjejeniyoyin a matsayin hasara nan take. Bugu da ƙari, sashen ya sayi takardun da wasu kamfanoni masu zaman kansu suka fitar a kan bashin mutane masu raunin biya, darajar waɗannan ma ta zube. A 2009 kuwa kuɗin da kamfani ke biya a kan rancensa ya yi sauƙi, ratar ribarsa ta buɗe, hasarar yarjejeniyoyin ta ragu. Irin wannan sashe sakamakonsa yana lilo da kasuwa, ba a yanke masa hukunci da shekara ɗaya.

Sashen gidajen iyali labarinsa dabam ne, domin hasararsa ta ninka fiye da sau biyu. Ma'aunin da ake duba a nan shi ne yawan basussukan da masu su suka yi wata uku ko fiye ba su biya ba, ko kuma an fara shari'ar karɓe gidan. A ƙarshen 2007 kashi 0.98 cikin 100 ne. A ƙarshen 2008 ya zama kashi 2.42. A ƙarshen 2009 ya kai kashi 5.38. Duk lokacin da wannan adadi ya hau, dole kamfani ya ware kuɗi a gefe don hasarar da ake tsammani, kuma wannan tanadi daga riba ake cire shi. Tun da bashin da sashen ya tsaya wa ya haura dala tiriliyan 2 da rabi, ladan da yake karɓa kuwa ɗan kaɗan ne, ladan shekaru masu yawa bai isa ya toshe ramin shekara ɗaya ba.

In aka ƙara tonawa cikin sashen, za a ga cewa ɓarnar ba ta bazu daidai ba. Akwai wani irin bashi da ake kira Alt-A, wanda ake bayarwa ba tare da an nemi cikakkiyar shaidar abin da mutum ke samu ba. Irinsa wajen kashi 10 cikin 100 ne kurum na littafin sashen, amma shi ya jawo fiye da kashi 40 cikin 100 na hasarar rashin biya a 2008. Basussukan da aka bayar a 2006 da 2007, lokacin da farashi ke can sama, su suka fi lalacewa, kuma jihohi huɗu, watau Kalifoniya da Fulorida da Arizona da Nebada, su suka ɗauki kaso mai yawa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, tsagar kuwa ita ce sassauta bincike don neman ƙarin ciniki.

Saura sashen manyan gidajen haya. Wanda ya ga hasarar dala biliyan 9 zai zaci masu gidajen haya ne suka ƙi biya, alhali kuwa ko a tsakiyar rikicin, basussukan wannan sashe da suka makale ba su kai kashi 1 cikin 100 ba. Yawancin hasarar daga wani wuri ta fito. Kamfani ya zuba jari a ayyukan gidajen masu ƙaramin ƙarfi, wanda amfaninsa shi ne gwamnati ta rage masa haraji. To, wanda ba ya cin riba ba shi da harajin da za a rage masa. Kamfani ya nemi ya sayar wa wasu da wannan jari, Ma'aikatar Kuɗi ta Amurka ta ƙi yarda, sai a ƙarshen 2009 aka share darajar jarin daga littafi. Sana'ar ba da lamunin ita kanta lafiyarta lau, abin da ya rataya a wuyanta ne ya ja ta ƙasa.

Wani zai tambaya, me ya sa kamfani bai iya shanye hasarar da jarinsa ba? Amsar tana cikin dokar 1992 wadda ta ƙayyade mafi ƙarancin jarin da zai riƙe. A kan kowace dala 100 ta kadarar da ke hannunsa, dala 2 da rabi ake nema ya ajiye. A kan kowace dala 100 da ya tsaya wa kuwa, ƙasa da rabin dala, watau kashi 0.45 cikin 100. Sashen da ya fi kowane girma, wanda a ƙarshe ya fi kowane hasara, shi ne doka ta fi sassauta wa.

5. Bayan gwamnati ta karɓa

Hasara ta ci gaba, dala biliyan 14.0 a 2010 da biliyan 16.9 a 2011. Don kada kamfani ya kasa cika alkawuransa, Baitulmalin Amurka ya zuba masa dala biliyan 116.1 zuwa 2012, daga baya a 2018 aka ƙara biliyan 3.7, jumla biliyan 119.8. Wannan kuɗin masu biyan haraji ne. A 2012 kamfani ya koma cin riba, dala biliyan 17.2, kuma zuwa 2019 abin da ya biya Baitulmali a matsayin rabon riba ya haura dala biliyan 180.

A 2013 an rubuta ribar dala biliyan 84.0, wadda ba a taɓa ganin irinta a tarihin kamfanin ba. Amma fiye da rabinta gyaran lissafin haraji ne. A 2008 an share darajar rangwamen harajin da kamfani ke tsammanin mora nan gaba, domin ba a ga alamar zai sake cin riba ba. Da riba ta dawo, sai aka mayar da darajar cikin littafi a 2013. Babu wani mai gida da ya biya ƙarin ko sisi saboda wannan. Mai karatun da bai san haka ba zai zaci sana'ar ta ninka sau biyar cikin shekara guda.

Gwamnati ta kuma shar'anta cewa a riƙa rage tarin bashin da sashen kasuwar kuɗi ke riƙe da shi, har ya sauka zuwa dala biliyan 250 a ƙarshen 2018. Da sashen ya ƙanƙance, sai a ƙarshen 2016 kamfani ya narkar da shi cikin sauran biyun, ya koma ba da rahoto a kan sassa biyu. A 2023 ribarsa dala biliyan 17.4 ce: sashen gidajen iyali ya kawo wajen biliyan 14.9, na manyan gidajen haya wajen biliyan 2.6. Har zuwa ƙarshen 2024 kamfanin yana ƙarƙashin riƙon gwamnati.

6. Tambayoyin da mai karanta rahoto zai yi wa kansa

Daga abin da ya gabata, ga abubuwa biyar da ya kamata a duba a rahoton kowane kamfanin lamunin gidaje.

Na farko, daga ina kowane sashe ke samun kuɗinsa? Lada ne na tsayawa, ko ratar ruwa, ko cinikin takardu? Lada yana shigowa a hankali kuma yana ɗorewa, ciniki kuwa yau riba gobe hasara.

Na biyu, nawa ne bashin da ya makale a kowane sashe, kuma hawa yake ko sauka? Wannan adadi yakan riga hasara bayyana. A Fannie Mae ya ninka fiye da sau biyu a 2008, shekara guda kafin babbar hasarar sashen ta fito.

Na uku, nawa aka ware don hasarar da ake tsammani? Kamfanin da bashinsa ke lalacewa amma tanadinsa bai ƙaru ba, ribar da yake nunawa aro ce daga baɗi.

Na huɗu, akwai wani abu na lokaci ɗaya da ya kumbura riba ko hasara, kamar gyaran haraji ko sayar da gini? A cire shi tukuna, sa'an nan a auna.

Na biyar, yaya aka raba kuɗin da sassa suka yi tarayya a kai, kamar albashin shugabanni da hayar ofis da haraji? Shugabanni ne ke yin wannan rabo, kuma rabon yana iya ƙawata wani sashe ya muzanta wani. Haka kuma in an sake fasalin sassa, kamar yadda aka yi a 2016, a tabbata an gyara lissafin bara bisa sabon fasali kafin a kwatanta shi da na bana.

7. Inda abin ya shafe mu a Nijeriya

Mu ma muna da irin wannan tsari mai matakai biyu. Bankin Lamunin Gidaje na Tarayya, FMBN, ya samo asali ne daga wata ƙungiyar ba da rancen gini da aka kafa a 1956, wadda Gwamnatin Tarayya ta mayar banki a 1977. Dokar 1989 ta buɗe hanyar kafa ƙananan bankunan lamunin gidaje masu hulɗa da jama'a kai tsaye. Dokar 1992 kuwa ta kafa Asusun Gidaje na Ƙasa, ta tanadi cewa ma'aikaci ya riƙa zuba kashi 2.5 cikin 100 na albashinsa duk wata, FMBN ya riƙe asusun, mai zubawa ya iya neman rance. Gyaran dokar da aka sa wa hannu a 2023 ya mayar da zubawar ta ganin dama ga ma'aikatan kamfanoni masu zaman kansu. A 2013 an yi rajistar kamfanin NMRC, wanda aikinsa ya yi kama da na Fannie Mae ta wajen samar wa bankuna kuɗi na dogon lokaci. A 2015 ya sayar da takardun bashinsa na farko, na Naira biliyan 8, Gwamnatin Tarayya ta tsaya masa.

Ta wajen lissafi, an kafa Hukumar Kula da Rahoton Kuɗi ta Nijeriya da dokar 2011, kuma tun daga 2012 kamfanonin da ke kasuwar hannun jari suka fara bin ƙa'idojin ƙasa da ƙasa, har da IFRS 8. Ma'anar wannan ita ce, duk wanda ya sayi hannun jarin wani bankin lamunin gidaje yana da damar karanta rahotonsa, ya kuma tashi a taron shekara ya yi tambaya. In banki ya ce ya ci riba, a tambaya: daga rancen gidaje ta fito, ko daga ajiye kuɗi a takardun bashin gwamnati, ko daga gini da sayarwa? In banki ya ce sashe ɗaya kurum gare shi, har yanzu ana iya duba bayanin kuɗin shigarsa a ga abin da kowace hanya ta kawo. Bankin da sunansa na lamunin gidaje ne amma yawancin ribarsa daga wani wuri take, bai cika aikin da aka ba shi lasisi dominsa ba. Tambayoyin nan suna aiki a kan bankunan da ba su mu'amala da ruwa, sai dai su kuɗin shigarsu haya ce ko ribar ciniki.

Ma'aikacin da ake cire wa wani abu daga albashinsa shi ma yana da ruwa da tsaki a nan, haka ma duk mai biyan haraji, domin duk inda gwamnati ta tsaya wa bashi, in an kasa biya, baitulmalin jama'a ne zai biya. Hausawa na cewa, in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Tambayoyi don nazari

1. Me ya sa banki ke bukatar wani kamfani ya sayi bashin gidajen da ya bayar?
2. Faɗi sassa uku na Fannie Mae kafin 2016, da hanyar samun kuɗin kowanne.
3. Wane sashe ne ya fi hasara a 2008, wane ne kuma a 2009? Kawo dalilin kowanne.
4. Don me ba za a ɗauki ribar 2013 a matsayin ma'aunin lafiyar sana'ar ba?
5. Nemi rahoton shekara na wani banki a ƙasar nan, ka duba bayanin sassansa, ka amsa tambayoyi biyar ɗin da ke kashi na 6 na wannan darasi.